Hasken Rana da Abinci a Ginin Ƙashi: Darasi Daga Ƙadangare Mai Gemu Ga Masu Kiwo a Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da ke sa ƙashin dabbar da aka tsare a gida ya yi laushi, ya lanƙwashe, ko ma ya karye ba tare da an buge ta ba, sa'an nan a nuna hanyar da mai ita zai bi ya hana aukuwar haka. An ɗauko misali daga wani ƙadangare na ƙasar Ostareliya da ake kira ƙadangare mai gemu, domin kuwa yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kamawa a hannun masu kiwonsu, likitocin dabbobi kuma sun yi nazarinta a jikinsa ƙwarai da gaske. Amma darasin da ke ciki ya shafi kowane mai kiwo a ƙasar Gwarzo da Kabo, daga mai kunkuru a tsakar gida, zuwa mai kajin ƙwai a ɗaki, har mai turke rago yana jiran Babbar Salla. Jigon maganar shi ne ƙashi ba ya ginuwa sai abu uku sun haɗu: sinadarin ginin ƙashi a cikin abinci, da hasken rana a kan fata, da ɗumin jiki. Dabbar da ke sake takan nemo wa kanta ukun nan. Wadda aka tsare kuwa, nauyin samo mata su ya koma wuyan mai ita.

Ƙadangare mai gemu da ɗan'uwansa na gida

Masana suna kiran wannan ƙadangare Pogona vitticeps. Mazauninsa na asali shi ne busassun ƙasashen tsakiyar Ostareliya, inda rana ke da ƙarfi, ruwan sama kuma ba shi da yawa. Babbansa yakan kai tsawon santimita 50 zuwa 60 daga baki har wutsiya, yana kuma iya rayuwa shekara 10 ko fiye in ya sami kulawa. An yi masa laƙabi da mai gemu saboda fatar maƙogwaronsa mai ƙaya-ƙaya, wadda yakan kumbura ta, ta yi baƙi, in ya fusata ko ya tsorata. Tun daga wajen 1990 kiwonsa don sha'awa ya yaɗu a Amurka da Turai, saboda sanyin halinsa, ana ajiye shi cikin akwatin gilashi a ɗaki.

A wurin masana ilmin dabbobi, dangi ɗaya suke da ƙadangaren da ke hawa katangun Gwarzo da Getso da Garo, wanda ake kiran namijinsa jangwada. Duk wanda ya lura da jangwada ya san cewa da asuba jikinsa a mace yake, launinsa kuma a dushe. Sai hantsi ya fito, ya hau katanga ko kututture ya baje, sa'an nan kansa ya yi ja, ya fara kai-kawo yana farautar tururuwa da gara da fara. In rana ta take, sai ya koma inuwa. Wannan shiga da fita tsakanin rana da inuwa shi ne aikin da ke riƙe da lafiyar ƙashinsa, shi ne kuma abin da ɗan'uwansa da ke cikin akwatin gilashi ya rasa.

Yadda jiki ke gina ƙashi

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe wani sashe nasa yana sāke gina wani. Manyan kayan ginin biyu ne, watau kalsiyam da fosfaras. Kalsiyam shi ne sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, da gidan katantanwa, da allin da mata masu kaɗi suke samu daga ƙonannen ƙashi. Kimanin kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙasusuwa da haƙora yake. Ɗan ragowar da ke yawo cikin jini kuwa, da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi, saboda haka jiki ba ya yarda ya ragu ko kaɗan. Da zarar ya fara raguwa, sai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke wuya, masu suna faratairod, su saki wani sinadari da ke sa a ɗebo kalsiyam daga ƙashi a zuba cikin jini. Ƙashi ke nan ya zama rumbun jiki. In ana ɗiba kullum ba a zubawa, ba a daɗewa sai a ga gindin rumbu.

Hanji ba ya iya tsotse isasshen kalsiyam daga abinci sai da taimakon bitamin D. A nan hasken rana ya shigo. Cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB. In ya sauka a kan fata, yakan juya wani sinadari mai kama da maiƙo da ke cikinta ya zama mafarin bitamin D, ɗumin jiki kuma ya ƙarasa juya shi. Daga nan jini ya kai shi hanta, hanta ta gyara, ta miƙa wa ƙoda, ƙoda ta fitar da shi a siffar da hanji zai yi aiki da ita. Dabba mai jan ciki ba ta da ɗumin kanta kamar akuya ko kaza, daga waje take samo shi, don haka ƙadangaren da ke cikin sanyi ba ya narkar da abinci sosai, ba ya kuma kammala haɗa bitamin ɗin, ko da an ba shi komai.

Tarihin gano wannan sirri

Ba a rana ɗaya aka gane haka ba. Cikin 1822 wani likita ɗan ƙasar Folan, Jedrzej Sniadecki, ya lura cewa yaran lungunan birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa da lanƙwashewar ƙashi, ya kuma danganta abin da rashin rana. Cikin 1889 John Bland-Sutton ya ba da labarin 'ya'yan zakuna a gidan namun daji na Landan, waɗanda ake ciyar da su tsoka zalla, ƙasusuwansu suka lalace, amma da aka ƙara musu garin ƙashi da madara da man hantar kifi sai suka warke. Cikin 1919 Edward Mellanby a Ingila ya warkar da 'yan kwikwiyo da man hantar kifi, a shekarar kuma Kurt Huldschinsky a Balin ya warkar da yara ta hanyar haska su da wata fitila mai fitar da irin hasken nan da ba a gani. Elmer McCollum na Amurka ne ya bambanta sinadarin da ke cikin man kifin daga bitamin A cikin 1922, daga nan aka sa masa suna bitamin D.

Game da dabbobi masu jan ciki, bincike biyu sun isa misali. Cikin 2003 Gary Ferguson da abokan aikinsa a jihar Tekzas ta Amurka sun nuna cewa wata irin hawainiya ta tsibirin Madagaska takan ƙara lokacin da take zama cikin hasken UVB in aka rage mata bitamin D a abinci, watau ita da kanta take auna bukatarta. Cikin 2010 kuma Dennis Oonincx da abokansa a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun gwada 'ya'yan ƙadangare mai gemu, suka tarar cewa awa 2 a kullum ƙarƙashin fitilar UVB ta wadatar da jininsu da bitamin D, alhali waɗanda aka ba su shi ta baki kawai ba su kusanci wannan matsayi ba.

Alamun cutar

Cutar takan shigo a hankali. Da fari sai a ga ƙadangare ya rage cin abinci, ya daina ɗaga ƙirjinsa daga ƙasa in yana tafiya, yatsunsa suna ɗan karkarwa. In ta yi nisa, muƙamuƙinsa na ƙasa yakan yi laushi ya kumbura har ya kasa tauna, ƙafafu su kumbura kamar ya yi ƙiba alhali ƙashin ciki ya zama kamar ɓawo, gadon baya da wutsiya su karkace. Daga ƙarshe sai karaya, da shanyewar ƙafafun baya, da farfaɗiya, da mutuwa. 'Ya'ya masu girma da sauri da mata masu ɗauke da ƙwai su ne suka fi shiga haɗari, domin bukatarsu ta kalsiyam ta fi yawa.

Dabbar da ta kai wannan hali tana bukatar likitan dabbobi, wanda zai ɗauki hoton ƙashinta, ya ba ta ruwan kalsiyam ta baki ko ta allura gwargwadon nauyinta. A rage ɗaukarta a hannu, a kuma kawar da duk abin da za ta hau ta faɗo. Ƙashin yakan sāke yin ƙwari bayan makonni ko watanni, amma wanda ya riga ya karkace yawanci haka zai tabbata. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan ma yadda ƙashi ya tanƙwaru yana ɗanye, haka zai bushe.

Batun haske

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa kowane haske rana ne. Gilashin taga yana barin haske da zafi su wuce, amma yana tare kusan dukan UVB. Ƙwan lantarki irin na ɗaki shi ma ba ya ba da shi. Saboda haka ɗaki yana iya zama fayau da haske, amma dabbar da ke ciki, ta fuskar bitamin D, daidai take da wadda ke cikin rami.

A ƙasashen sanyi masu kiwon ƙadangare mai gemu dole su sayi fitila ta musamman. Ana kunna ta awa 10 zuwa 12 a kullum, a rataye ta kimanin santimita 30 daga inda dabbar ke kwanciya, ko yadda masu ƙera ta suka ƙayyade, ba tare da gilashi ko roba a tsakani ba. Ana canja ta bayan wata 6 zuwa 12, domin ƙarfin UVB ɗinta yakan ragu tun tana ci gaba da haskawa, ido kuwa ba zai gane ba. Gefe guda na akwatin ana ɗumama shi ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Selsiyos, ɗaya gefen a bar shi wajen digiri 25, don dabbar ta zaɓi inda take so. Da dare a kashe fitilu duka. Dalilin wannan ɗawainiya shi ne raunin ranarsu. Wani bincike da aka buga cikin 1988 ya nuna cewa a birnin Boston na Amurka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rana ba ta iya haɗa bitamin D a fata.

Gwarzo da Kabo kuwa suna wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda rana ke hawa sama sosai a kowane wata na shekara. Hazon hunturu yakan rage ƙarfinta, amma ba ya kashe shi. Don haka mai kiwo a nan ba ya bukatar fitilar da za a sayo daga waje da tsada, wadda kuma aikinta ya dogara ga wutar lantarki. Abin da yake bukata shi ne keji na ragar waya a fili, wanda hantsi ke shiga rabinsa, rabin kuma yana da inuwa ta zana ko ta bishiya, da kaskon ruwa, da wurin ɓuya. Amma fa a kiyaye da abu guda: kada a taɓa fitar da dabba rana tana cikin akwatin gilashi ko bokitin roba. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Kano ke wuce digiri 40, irin wannan mazubi yakan zama tanderu, ya kashe dabba cikin ɗan lokaci. A daren hunturu kuma a shigar da ita inda sanyi ba zai buge ta ba.

Batun abinci

Ba yawan kalsiyam kaɗai ake dubawa ba, har da yadda ya daidaita da fosfaras. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce kalsiyam ya kai kusan ninki 2 na fosfaras a cikin abincin. In fosfaras ya rinjaya, jiki yakan koma ɗibar kalsiyam daga ƙashi. To, ƙwari irin su gyare da fara, waɗanda ba su da ƙashi, fosfaras ɗinsu ya ninka kalsiyam sau da yawa, haka kuma tsokar nama, haka hatsi da dusarsa. Ƙadangaren daji yana cike wannan giɓi domin yana cin ƙwari iri-iri da cikinsu cike da ganye, tare da ɗan abin da ya manne musu na ƙasa. Na cikin keji kuwa, sai an yi masa dabara biyu. Ta farko, a ciyar da ƙwarin kansu da ganye mai kalsiyam na kwana 1 ko 2 kafin a ba shi su. Ta biyu, a barbaɗa musu garin kalsiyam a lokacin bayarwa. Ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka shanya, aka niƙa lukui, yana yin wannan aiki, gama kusan dukansa sinadarin kalsiyam ne haɗe da kabon. Kada ƙwaron ya wuce faɗin da ke tsakanin idanun ƙadangaren, kada kuma a kamo shi daga gonar da aka fesa wa magani, balle a ba shi soyayyar fara ta kasuwa mai gishiri da yaji.

Ɗan ƙadangare mai gemu ƙwari ne yawancin abincinsa, amma in ya girma ganye ne ya kamata ya fi yawa. Cikin ganyayen da ake samu a ƙasar nan, zogale da ganyen kuka da ganyen wake suna da kalsiyam mai yawa. Alayyafo da yakuwa kuwa suna ɗauke da wani sinadari mai suna okzalet da ke ɗaure kalsiyam a hanji, sai a ba da su jifa-jifa. Latas yawancinsa ruwa ne. Akwai kuma haɗari a ɗura wa dabba bitamin D na kwalba ba da awo ba, domin in ya yi yawa yakan sa kalsiyam ya taru a ƙoda da jijiyoyin jini. Rana ba ta jawo haka, domin fata takan lalata rarar da ta haɗa.

Inda darasin ya shafi gidajenmu

Dabba mai jan ciki da aka saba ajiyewa a gidajen Hausawa ita ce kunkuru. Babban kunkurun yankin Sahel, wanda shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, ciyawa ce abincinsa na asali. In aka mai da shi mai cin ragowar tuwo da shinkafa, aka kuma kulle shi a ɗaki, ƙoƙon bayansa yakan yi laushi ko ya tashi da tudu-tudu. A ba shi ciyawa da harawa da zogale, a bar shi ya yi yawo a tsakar gida mai rana da inuwa. Damo shi ma, in ana ba shi tsoka zalla, yakan kamu da abin da ya kama zakunan Landan, domin a daji yana cin katantanwa har da gidanta.

Ta fuskar dukiya kuwa, kaji ne suka fi jawo hasara. Kowane ɓawon ƙwai yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam, shi ya sa abincin kaza mai ƙwai yake bukatar kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100. Kazar Hausa da ke yawo tana tsattsagar ƙasa a rana ba ta cika samun matsala ba. Amma wanda ya tsare kajin gidan gona a ɗaki mai rufin kwano, ya kuma haɗa musu abinci da kansa daga masara da dusa don gudun tsada, bai sa garin ƙashi ko na ɓawon kawa da haɗin bitamin ba, zai ga ƙwai mai taushin ɓawo, da kaji suna gurfana sun kasa tashi.

Haka zancen yake ga ragon turke. Dusar alkama tana da fosfaras da ya ninka kalsiyam ɗinta kusan sau 10. Ragon da aka cika masa dusa aka rage masa harawa yakan yi ƙiba a kan raunanan ƙafafu, wani lokaci kuma tsakuwa ta taru a mararsa ta toshe masa fitsari, ya mutu ana gab da kai shi kasuwa. Harawar gyaɗa da ta wake, waɗanda manoman Gwarzo da Kabo ke tarawa da kaka, su ne gyaran wannan, saboda suna da kalsiyam mai yawa. Kanwa da ake ba dabbobi gishiri ce ta wani jinsi dabam, ba ta maye gurbin kalsiyam.

Ɗan Adam ma bai fita daga wannan ƙa'ida ba. Cikin 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara 123 masu lanƙwasassun ƙafafu. Sun tarar cewa yaran suna samun kalsiyam kimanin miligiram 200 ne kawai a rana, alhali hukumomin lafiya na Amurka sun ƙayyade miligiram 700 ga ɗan shekara 1 zuwa 3. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Watau a Turai rana ce ta yi ƙaranci, a Nijeriya kuwa rana ta wadata amma abincin ya gaza. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwo kawai yana bukatar nono, da miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya.

Kammalawa

Abin da ya kamata malaman gona da malaman dabbobi na ƙananan hukumomi su riƙe shi ne, in aka kawo musu dabba mai raunin ƙafa ko taushin ƙashi, su yi wa mai ita tambaya uku kafin su ɗauko allura. Shin rana tana taɓa jikinta kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba? Me take ci a kullum, nawa ne dusa ko hatsi a ciki, nawa ne kuma ganye ko harawa? Tana da wurin ɗumi da wurin inuwa da za ta zaɓa da kanta? Sau da yawa amsar waɗannan ita ke nuna tushen cutar. In abin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na kusa, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ɗalibai kuma suna da fagen nazari a buɗe, na auna kalsiyam da fosfaras da ke cikin dusa da harawa da ganyayen da ake sayarwa a kasuwannin yankin, don a samar wa masu kiwo awon haɗin abinci da ya dace da abin da ke hannunsu. Kayan rigakafin duka suna nan kusa, kuma ba su da tsada: hantsi, da harawa, da zogale, da ɓawon ƙwan da ake zubarwa a juji kowace safiya.